Bishiya Mai Guntun Reshe

Wata bakwai da rasuwar ɗana aka kawo sabuwar malama ajin su Aku. Aku jikata ce, ita kaɗai ya bari, shekarunta huɗu a lokacin. Ubanta ne ya laƙa mata sunan saboda surutu. Duk abin da aka faɗa a ɗaki da safe, kafin yamma maƙwabta sun ji shi daga bakinta.

Mu uku muke zaune a ɗaki biyu na haya, ni da ita da uwarta. Ɗana mai walda ne. Daga saman ƙarafan tankin ruwa ya faɗo, bai kai asibiti da rai ba. Ranar da abokan aikinsa suka kawo jakar kayansa, na ce su koma da ita su raba a tsakaninsu, kar in ƙara ganin ko ƙusa ɗaya ta wannan aiki a inda nake kwana. Da ƙarfi na faɗa, kowa ya ji.

Abu ɗaya nake tsoro a lokacin, da shi nake kwana da shi nake tashi. Surukata yarinya ce, ba ta kai talatin ba. Tana da yaya a can ƙarshen gari, mai gidan kansa, kuma sau biyu yana zuwa yana cewa ta tattara ta koma wurinsa. Ba ta ce masa a'a ba. Cewa ta yi ba yanzu ba. Na san duk ranar da ta koma, ko ta yi wani aure, da Aku za ta tafi. Ni kuwa ba ni da wani ɗa, ba ni da wata jika.

A gidan burodi take aiki, tana ƙulla burodi a leda. Da sassafe take fita, sai la'asar ta dawo. Saboda haka ni ke kai Aku makaranta, ni ke ɗauko ta. Nakan je da wuri in tsaya a bakin tagar ajin, don zaman ɗaki ni kaɗai ba ya min daɗi. A nan na ga yadda sabuwar malamar take koya musu zanen bishiya.

'Yar siririya ce, muryarta ta fi jikinta. Ta raba musu manyan littattafan zane, ta ce kowa ya naɗe hannun rigarsa.

"Ku kwantar da hannu a kan takarda. Ku ware yatsu. Wanda ya motsa, bishiyarsa za ta fito da ƙusumbi."

Sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta kama hannun da ke riƙe da fensir, su zagaye ɗaya hannun tare, tun daga kusa da gwiwar hannu har bakin farce. Idan fensir ya shiga tsakanin yatsu sai su tuntsure da dariya, wai cakulkuli. Da an ɗaga hannu, ga gindin bishiya, ga rassa biyar. Daga nan ta zuba koren fenti a murafan kwalba, kowa ya tsoma kan yatsa ya riƙa ɗiga ganye. Ranar farko rabin ganyen a goshi da hanci ya ƙare.

Aku ta ɗauki abin da zafi. Da muka koma gida ta ce sai ta zana nawa a bayan tsohuwar kalanda. Na ba ta hannu. Da ta gama ta karkace kai tana dubawa.

"Kaka, bishiyarki ta tsufa. Rassan duk sun lanƙwashe."

Na ce, "Ke dai ƙawata, rufa wa kanki asiri. Taki ai tsinken tsintsiya ce, ko tsuntsu ba zai sauka a kai ba."

Ta yi dariya har da faɗuwa. Tun rasuwar ubanta ban ji ta yi irin wannan dariya ba.

Bayan kamar mako biyu, ranar wata Talata, robar ruwanta ta zube a cikin jaka. Na fito da littattafan ina buɗe su a bakin taga su sha iska. A littafin zane na ga 'yar bishiyarta, na ga wata, na ga wata. Da na juya shafi na huɗu sai na tsaya.

Wannan ta cika shafin gaba ɗaya. Hannu ne na babban mutum, kuma na namiji, yatsu masu kauri kamar an yanko su daga muciya. Gindin ya buɗe daga ƙasa, na ce a raina hannun riga ne. Reshe ɗaya, na kusa da babban yatsa, guntu ne, bai kai rabin 'yan'uwansa ba. A gefen babbar bishiyar an zana 'yar ƙaramar ta Aku, ta jingina da ita.

Na ɗora hannuna a kai, ya nutse a ciki. Na san ba na uwarta ba ne, ba kuma na malama ba. Babu namiji a ɗakinmu.

Na kira ta. Na sassauta murya yadda ba za ta tsorata ba.

"Ƙawata, wannan ƙatuwar bishiyar fa, hannun wa ne?"

"Na Baba."

Sai da na zauna a bakin gado.

"Wane Baban?"

Ta rufe bakinta da hannu biyu. Aku, wadda ba a taɓa roƙonta magana ba.

"Umma ta ce kar in faɗa miki."

"Ni ma? Ni da ke akwai ɓoye-ɓoye?"

"Ta ce za ki yi kuka."

"A ina kuka zana?"

"A nan. Kin tafi kasuwa."

"A nan ɗakin?"

Ta gyaɗa kai. Sai kuma bakin ya sha ƙarfinta, ta matso kusa da kunnena.

"Yana da kaushi, Kaka. Umma tana ɗora shi a kumatunta ta rufe ido."

Ban ƙara tambayarta komai ba. Na ce ta je ta yi wasa. Na zauna ina kallon ƙofar ɗakin surukata, wanda labule kawai ya raba da nawa.

Da la'asar ta dawo ta gaishe ni kamar kullum, ta ajiye burodi a kan tebur. Na amsa. Ban ce mata komai ba, don na san idan na tambaya za ta shirya amsa. Na ce bari in gani da idona tukuna.

Daga ranar na fara lura da ita. Na ga ta canza sabulun wanka, wannan yana da ƙamshi. Na ga wayarta a kife take ajiye ta. Wata rana tana wanke-wanke na ji tana 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi, da na fito ta yi shiru. Ranar Alhamis ta dawo a makare da kusan rabin awa, ta ce fulawa ce ba ta iso da wuri ba. Na ce to. Yau idan na tuna, babu ɗaya cikin waɗannan da ya isa a ɗaga ido a kansa. A lokacin kuwa kowanne sai na ɗauka na adana.

Na sami ledar burodi mai haske, na farke ta, na shimfiɗa a kan shafin, na bi layin hannun da biro. Na ninke ta na sa a jakata. Duk inda na je tana tare da ni.

Na koma kallon hannayen maza. Maigadin makaranta, direban da ke kai yara, mai gidan da muke haya, mai kawo ruwa. Ba na kallon fuska, yatsu nake ƙirgawa. Har mai shagon layinmu ya gane.

"Mama, kwana uku ke nan kina kallon hannuna kamar za ki taya. Ba na sayarwa ba ne fa."

Na ce, "Wa zai sayi wannan, duk manja? Miƙo min ashana."

Nasa biyar ne cif, dogaye.

Ranar Litinin na jira aka tashi, na bar Aku tana lilo a fili, na shiga ajin. Malama tana wanke murafan fenti a bokiti. Na buɗe mata littafin.

"Malama, wannan a nan aka yi?"

Ta goge hannu ta duba, ta yi murmushi.

"A'a, Mama, aikin gida ne. Na ce kowa ya je ya zana hannun babansa, ya sa nasa a gefe, su ga babbar bishiya da ƙarama. Tata ma ta fi ta kowa kyau, har tafi muka yi mata."

"Ta ce miki hannun wa ne?"

"Na babanta mana."

Na ce, "Ubanta ya rasu. Wata bakwai ke nan."

Murfin da ke hannunta ya faɗa cikin bokiti. Ta dafe ƙirji tana salati.

"Wallahi ban sani ba, Mama. Ba wanda ya faɗa min. Da na sani ba zan ce haka ba. Shi ya sa ranar ta ƙi cin abincinta, ta sa kai a kan tebur har aka tashi. Na zaci zazzaɓi ne."

"To hannun wa ne?"

"Ban sani ba. Wataƙila kawunta, ko wani a gida."

"Ba kowa a gida. Akwai namijin da ya taɓa zuwa nan wurinta?"

"Babu. Ke kaɗai nake gani."

Tana maganar tana kauda ido. Kunya ce ta kama ta, amma ni na ɗauka wani abu take rufewa. Na ce a raina, 'yan matan yanzu bakinsu ɗaya. Na fito da abu guda: an ce a kawo hannun uba, uwarta ta nemo wani ta ba shi wurin ɗana, har ta koya wa yarinya ta ce masa Baba. Wanda aka kai ga haka da shi, magana ta yi nisa. Saura a zo a ɗauke min yarinya.

A hanyar komawa gida ne Aku ta fizge hannunta ta ruga shagon kafinta da ke kan kwanar layinmu. Ta saba, yakan tara mata guntayen katako tana gina gida da su. Mutum ne mai fara'a, zai yi shekara arba'in, yana da mata da 'ya'ya uku a layin baya. Ya sunkuya ya miƙa mata katakon. A nan na ga hannunsa. Yatsansa na kusa da babban yatsa guntu ne, zarto ya cinye shi tun yana koyon aiki. Na daɗe da sanin haka, amma sai ranar na gan shi.

Ya ce, "Sannu Mama, ya ƙarfin jiki?" Na ja Aku muka wuce.

Washegari da la'asar na tsaya a bayan motar da aka ajiye a bakin layi, ina jira. Surukata ta taho da ledarta. Da ta zo daidai shagon ta tsaya. Ya ajiye guduma ya fito. Suka yi magana, ya nuna mata wani abu a bayan shago, ta yi dariya, ta wuce. Ko minti biyu ba su yi ba. Ni dai dariyar na gani.

Da na yi haƙuri na tambaye ta a ɗaki, da ba haka ba. Amma na riga na yanke hukunci, kuma na ga ita ba zan iya da ita ba, don idan na taɓa ta za ta tafi. Na ce shi zan kora, a gaban mutane, yadda ba zai ƙara waiwayar ƙofarmu ba.

Ranar Laraba da hantsi, bayan na kai Aku, na tafi shagon. Yana goge ƙafar kujera. Akwai mata biyu da suka zo duba gado, ga mai faci a gefe, ga masu jiran mota. Na share garin katako daga bencinsa da gefen hannu, na shimfiɗa ledar.

"Ɗora hannunka a nan."

Ya dubi ledar ya dube ni, ya yi dariya.

"Mama, zobe za ki yi min ne?"

"Na ce ka ɗora."

Ya ɗora, yana kallon mai faci suna murmushi. Hannunsa bai cika zanen ba. Ta kowane gefe da saura, yatsun zanen sun fi nasa kauri nesa ba kusa ba. Na gani sarai. Amma na ce a raina ai yaro idan yana zagaye hannu fensir baya-baya yake bi. Guntun yatsan dai ya zauna a kan guntun reshe, kuma shi kaɗai nake so in gani.

Na ɗaga murya.

"Ɗana bai shekara a ƙasa ba, kana shiga ɗakina idan na tafi kasuwa! Kana shafa fuskar matarsa a gaban 'yarsa! Har ka sa marainiya tana ce maka Baba!"

Ya janye hannunsa kamar ya taɓa wuta.

"Mama, ki ji tsoron Allah. Ni ko launin labulenku ban sani ba."

"Jiya fa? Da idona na gan ku, tana wage maka baki!"

"Guntun katako mai gidan burodinsu yake saye na tanda! Aiko ta ya yi ta ce in tara masa buhu biyu. Ga su can a baya, je ki duba!"

"Ka tara wa uwarka!"

Mai faci ya zo ya riƙe ni yana cewa, "Haba Mama, haba Mama, bari mana." Matan nan biyu sun daina duba gado. Masu jiran mota mota ta zo ba su shiga ba. Na faɗi maganganu da yawa da ba zan maimaita ba, kuma duk da sunan surukata a ciki. Na naɗe ledata na tafi gida ina jin kamar na sauke kaya.

Ba ta kai la'asar ba ranar. Kafin azahar labari ya isa gidan burodi. Ta shigo ba sallama, da rigar aikinta a jikinta, duk fulawa. Aku tana barci a gadona. Na gyara zama, na shirya wa faɗa.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaga labule ta shiga ɗakinta. Na ji ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado. Ta fito da wani abu naɗe a cikin ɗankwali, ta ɗauko littafin zanen a jakar Aku, ta buɗe shi a kan tebur. Ta warware ɗankwalin.

Safar hannu ce ta masu walda, ta fata, ƙwaya ɗaya, doguwa mai faɗin baki. Duk jikinta ɗigon ƙuna. Ta kwantar da ita a kan zanen. Ta zauna daram, ba ragi ba ƙari. Yatsa ɗaya an ɗinke shi guntu da baƙin zare.

"Wuta ce ta cinye kan yatsan safar," in ji ta. "Baban Aku ya ce in ɗinke masa kafin ya sami wata. Da ita ya fita ranar da ya faɗo, yana lanƙwashe yatsansa a ciki."

Warin ƙarfe da hayaƙi ya iso inda nake. Warin da yake shigowa da shi kullum da yamma, in ce masa ya je ya yi wanka kafin ya zauna min a gado.

"Kafin su koma da jakar na zare ta," ta ce. "Ɗayar ban same ta ba."

Na kasa miƙa hannu in taɓa.

"Ranar da aka ba su aikin, Aku ta dawo daga makaranta ta ƙi magana. Sai da kika fita kasuwa ta ce min kowa a ajinsu yana da hannun baba ban da ita. Me zan ce mata, Mama? Ke ki faɗa min me zan ce mata."

Na ce, "Me ya hana ki faɗa min?"

"Kin ce ko ƙusa."

Ta naɗe safar a ɗankwalin a hankali. Har lokacin ba ta yi kuka ba.

"Da ni kika tambaya, da na nuna miki. Labule ne kawai tsakaninmu. Amma kika wuce ni kika tafi bakin titi."

Na ce ta yafe min. Na faɗa ya fi sau goma. Ta ce ta yafe, ta shiga ɗaki.

Washegari da safe na koma shagon kafinta. Na tsaya a daidai inda na tsaya jiya, na ɗaga murya kamar yadda na ɗaga, na ce ƙarya na yi masa, na yi wa surukata, hannun ɗana ne ban gane ba. Ya saurara har na gama, bai ajiye zarto ba.

"Na ji, Mama. Allah ya yafe mana. Amma jiya mutum ashirin ne a nan. Yau ni ne da mai faci."

Gaskiya ya faɗa. Na bi gida-gida a layinmu, na faɗa wa mai shago, na faɗa wa matan da ke taruwa a famfo. Kowa ya ce Allah sarki. Amma na ga yadda suke kallon juna. Wata ma cewa ta yi, "Tsohuwa dai ta rufa wa gidanta asiri, ta kyauta." Labarin farko ya fi daɗin faɗa, shi ya zauna.

Matar kafinta ta zo ta tsaya a ƙofarmu ran Asabar, ba ta shigo ba, ta ƙare wa surukata kallo daga sama har ƙasa ta juya. A gidan burodi aka daina aikenta ko'ina. Ta daina bi ta kwanar, ta koma zagayawa ta bayan gareji, hanyar da ta ninka tsawo. Aku ta yi ta tambaya me ya sa ba a zuwa karɓar katako.

Kwana tara bayan haka, da safe, surukata ta kawo min shayi ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata. Tun ranar ba ta zauna kusa da ni ba.

"Mama, na kira Yaya. Jibi zai zo da mota."

Na ajiye kofin.

"Ba don ina riƙe da ke a rai ba ne. Sau biyu yana zuwa ina mayar da shi, don ba na so in bar ki ke kaɗai. Amma ba zan iya bin layin nan safe da yamma ana nuna ni da baki ba. Ita ma tana girma. Wata rana wani yaro zai faɗa mata."

Na ce, "To mu tashi tare. Mu nemi ɗaki a wata unguwa."

"Gidan Yaya zan koma, Mama."

"To ki bar min ita. Ko zuwa ƙarshen shekara."

Ta ɗago ta dube ni.

"Da ke ce, za ki bar ta?"

Yayanta ya zo da ƙaramar motar ɗaukar kaya. Ya gaishe ni da ladabi, bai ɗaga maganar ba, hakan ya fi min ciwo. Suka fitar da gado da katifa da akwatuna biyu da buhun tukwane. Ba su yi awa ɗaya ba. Aku tana ta murna za ta shiga gaban mota. Sai da aka ɗora ta a cinyar uwarta ta leƙo ta taga ta gan ni a tsaye.

"Kaka, shigo mana."

"Babu wuri, ƙawata."

"Akwai! Ki hau baya ki zauna a kan katifa."

"Iska za ta ɗauke ni. Ku je, ina nan tafe."

"Yaushe?"

Uwarta ce ta amsa mata. "Ƙarshen wata."

Shekara biyu ke nan. Na saki ɗaki ɗaya, na zauna a ɗayan. Asabar ɗin ƙarshe ta kowane wata nake zuwa, mota biyu nake shiga. Aku ta shiga aji ɗaya, ta yi tsawo, surutun ya ragu. Surukata ba ta yi aure ba har yau. Idan na je takan tare ni a ƙofa, ta karɓi jakata, ta ba ni kujera mai kyau, ta kawo min ruwa a faranti. Ƙarfe huɗu ta ce wa Aku ta zo ta yi wa Kaka sallama, kar ta rasa mota.